Neman shawara: kare, mage da ƙaramar yarinya a fili ɗaya, ta ina zan fara gyara?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo, gara in zube komai tun yanzu da a yi ta tambayata ɗaya bayan ɗaya.

Wata biyu ke nan da muka koma wani gidan haya mai fili a baya. Na auna shi, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 8. Kusan rabi daɓen siminti ne, sauran ƙasa ce da 'yar ciyawa nan da can. Katanga ta zagaye shi amma gajeriya ce, mita ɗaya da rabi, sai get na ƙarfe ta baya. Muna da kare namiji, sunansa Duna, watansa 14, nauyinsa kilo 22, da mage wadda tun tana jaririya ba ta taɓa kwana a waje ba. Ga 'yata mai shekara uku, ga kuma mahaifiyata da ke tare da mu, ƙafa na damunta, tana son a fitar mata da kujera da yamma ta sha iska.

Duna ya fice sau biyu. Na farko maƙwabci ne ya kamo mana shi. Na biyu kwana ya yi a waje, ya dawo da yanka a cinya, kunnensa cike da kaska. Har yau ba mu san ta inda yake fita ba. Magen kuma ranar da na fara barinta ta fita, ta tauna wani ganye ta yi amai sau biyu, daga baya ta warware. Shuke-shuken da muka tarar: kariya biyu a tukunya, wata doguwar fulawa mai siririn ganye da fure ruwan hoda da aka ce min oliyanda ce, sai zurma da ta fito da kanta a gindin katanga.

Maigidana ya ce a ƙara bulo uku a katanga kowa ya huta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da hakan kaɗai ba. Sannan ƙanena zai kawo mana kwikwiyo ɗan sati bakwai, ga shi an gaya min wanda ya zauna a gidan kafin mu kwikwiyonsa ya mutu da gudawar jini dab da tashinsa. So nake filin ya zama wurin da dabbobin za su yi wasa, mu ma mu zauna hankali kwance. Ta ina zan fara?

Mai Gajeren Zance:

Wa alaikumus salam. Sarƙa mai ƙarfi da turke. An gama.

Baba Ɗan Fansho:

Malam Mai Gajeren Zance, gajeren zancenka ya yi gajarta da yawa. 'Yata, kada ki ɗaure shi kusa da katangar nan. Shekarun baya ni ma na bi wannan shawarar, na ɗaure wata karya da nake ji da ita da igiya mai tsawo don ta samu walwala. Da dare ta hango wani abu ta yi tsalle ta haye shinge, igiyar ba ta kai ƙasa ta wancan gefen ba. Da safe a rataye na same ta. Ban ƙara turke kare ba tun daga ranar. Ban da wannan ma, karen da ke wuni a sarƙa shi ne ya fi saurin cizo, domin idan ya tsorata ba shi da inda zai ja da baya, ke kuma kina da ƙaramar yarinya.

Kafin ku sayi bulo ko ɗaya, ku gano ta inda yake fita. Kare mai guduwa iri uku ne: mai tsalle, mai tono, da mai kutsawa ta kafa. Maganin wani ba ya yi wa wani. Ki share ƙasar gindin katanga ki baje ta sumul da yamma, da safe sawunsa zai ba ki labari. Ki kuma duba duk abin da ke jingine da katanga, ko duro, ko kwandon shara, ko tulin katako, ko ɗakin karen kansa. Katanga mai mita biyu da duro a gindinta mita ɗaya ce a wurin kare.

Abu na ƙarshe, za ki ga kamar wasa: ki durƙusa ki zagaye filin da rarrafe. Abin da za ki gani a tsayin idonsa ba za ki taɓa ganinsa a tsaye ba.

Malam Birkila:

Baba ya yi gaskiya. Bari in ƙara da abin da ya shafi sana'ata.

Bulo uku zai ƙara miki kamar santimita 60 zuwa 70, wato katangar ta haura mita biyu. Ga kare irin naki mita 1.8 ma ta isa. Amma fa gidan haya ne, sai da yardar mai gida, kuma ba kowace katanga ce harsashinta zai ɗauki ƙari ba. Na sha ganin wadda aka yi wa ƙari ta kwanta a iskar farkon damina. Abin da ya fi sauƙi shi ne mai walda ya kafa ƙarafa a kan katangar, a ja ragar waya mai kauri, saman ya ranƙwafo ciki. Kare ko da ya kama da ƙafafun gaba, ranƙwafawar za ta mayar da shi. Ranar tashi kuma ki kwance abinki. Kada ki yarda a sa miki ragar kaji, siririya ce, kare mai kilo 22 da haƙori zai yaga ta.

In mai tono ne, ba sai an haƙa rami mai zurfi ba. A shimfiɗa raga a kwance a gindin katanga ta ciki, faɗin santimita 60, a ɗaure gefe ɗaya da katangar, a rufe da ƙasa. Kare a gindin shinge yake fara tono, da ya ci karo da waya sai ya haƙura, ba ya tunanin ya ja baya ya fara daga nesa.

Get kuma, tsakaninsa da ƙasa kada ya wuce santimita biyar, a zuba masa dokin ƙofa na siminti don kada ruwa ya zaizaye ƙarƙashin. Sakata ta zama can sama inda yarinya ba za ta kai ba. Kuma don Allah ban da fasassun kwalabe ko waya mai reza a kan katanga, tunda akwai mage.

Dakta, likitan dabbobi:

Hajiya, zancen katanga zai iya jiran sati ɗaya. Shukokin nan ba za su jira ba. Duka ukun da kika lissafa guba ne, ba ga dabbobin kaɗai ba, har ga 'yarki.

Oliyanda duk jikinta guba ne, ganye, fure, reshe, har busasshen ganyen da ya faɗi ƙasa. Dafinta zuciya yake taɓawa, ya birkita bugunta. Kariya ma haka, ruwan jikinta na ɗauke da dangin wannan dafin. Zurma kuwa 'ya'yanta ne abin tsoro, akwai wata guba a ciki da ake kira risin, kuma idan an tauna ƙwayar ne take fita. 'Ya'yan zurma masu zane ne, suna sheƙi, irin abin da yaro zai tsinta ya kai baki. Magenki ta tsallake rijiya da baya.

Ki sa safar hannu ki tumɓuke su har saiwa, ki tattara ganyen da ya zube ki ƙulle a buhu. Kada ki ƙona oliyanda, hayaƙinta ma yana cutarwa. Kariyar tunda a tukunya take, ki ba wanda ba shi da dabba ko ƙaramin yaro. Bayan an yi ruwa ki riƙa dubawa, domin zurma tana sake tsirowa daga 'ya'yan da suka faɗi. In kin ga tumfafiya, ko zaƙami, ko bini-da-zugu, ko duk wata shuka mai farin ƙaro, su ma su bi sahu.

Idan wata rana dabba ta ci abin da ba ki yarda da shi ba, kada ki ɗura mata madara ko mai ko ruwan gishiri don ta yi amai. Ɗurar takan bi ta huhu, gishirin kuma shi kansa guba ne idan ya yi yawa. Ki tsinko reshen shukar ki taho da shi asibiti tare da dabbar.

Sai zancen kwikwiyo, wanda ya fi damuna. Gudawar jini da ta kashe kwikwiyo ba lallai ne ta zama fabo ba (cutar karnuka mai yaɗuwa da ake kira parvo), amma ki ɗauka ita ce. Ƙwayar cutar fabo tana da taurin rai, takan yi watanni a cikin ƙasa, har shekara, musamman inda ke da inuwa da danshi. Siminti ana iya tsarkake shi: a wanke da sabulu tukuna, sannan a zuba bilic, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye. Ƙasa kuwa ba abin da za ki zuba mata ya kashe cutar gaba ɗaya. Don haka kwikwiyon nan ba zai taka ƙasar filin ba sai ya gama allurarsa. Ana farawa a sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk bayan sati biyu zuwa huɗu har ya kai sati 16, sannan a ƙara jira kamar sati biyu. Takalmin da kika shiga fili da shi ma kada ya shiga inda kwikwiyon yake.

Shi Duna ya gama nasa alluran? Kuma ki sa masa ido, tunda ya kwaso kaska. Zazzaɓin kaska yakan bayyana bayan sati ɗaya zuwa uku. In ya ƙi abinci, ya yi laushi, ko kika ɗaga leɓensa kika ga dasashi ya yi fari, ki kawo shi a duba jininsa.

Mai tambaya:

Innalillahi. Dakta, wallahi jiya da yamma 'yata tana wasa a gindin zurmar nan. Yanzu na fita na tumɓuke ta. Duna ya gama alluransa, na haukan kare ma an yi masa wata huɗu da suka wuce. Baba, na baje ƙasar, zan duba da safe. Na gode ƙwarai.

Maman Mage Uku:

Ƙanwata, kowa ya koma kan kare an manta da 'yar'uwar tamu. Ki sani duk katangar da za ta tsare Duna, a wurin mage matakala ce. Mage na tsallen da ya ninka tsayinta sau biyar ko fiye, tana hawa raga kamar tsani, kuma duk kafar da kanta ya shiga, jikinta zai bi.

Magen da ta girma a ɗaki ba ta san mota ba, ba ta san karnukan waje ba, ba ta san faɗan muzurai ba. Ni abin da na yi wa nawa shi ne keji babba a jikin tagar ɗaki, mita biyu a mita ɗaya da rabi, tsayinsa ya kai in shiga a tsaye. Katako ne da raga mai ƙananan idanu, da rufi a sama, rabi kwano rabi raga, don su zaɓi rana ko inuwa. Na kafa musu alluna hawa-hawa da guntun kututture na kartar farce. Tagar a buɗe take, su fita su shigo yadda suka ga dama. Mage sama take so ba faɗi ba, in kin ba ta wurin da za ta hau ta leƙa duniya ta raina kowa, kin gama mata komai. Wannan zai kuma raba ta da Duna da sabon kwikwiyo lokacin da ta gaji da su.

Tunda mai tauna ganye ce, ki shuka mata alkama a 'yar tukunya, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma za ta tsiro, ta yi ta tauna abinta. Fulawar da ake kira lili kuwa kada ta shigo gidan ko da kyauta aka ba ki. Ko ƙurar furenta mage ta lasa a jikinta, ko ta sha ruwan da aka tsoma ta a ciki, ƙoda ke tsayawa.

Sai gargaɗi biyu da na koya da hawaye. Maganin kaska na kare da ake ɗigawa a wuya ko a fesa, in akwai famitirin a cikinsa, yana kashe mage. Ba sai an shafa mata ba, ko kwanciya ta yi jikin karen kafin ya bushe, sai ki ga tana karkarwa. Ki karanta jikin kwalba. Haka maganin wanke ƙasa irin wanda ke komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ita kuma za ta taka ta lashe ƙafa.

Ɗan Birni:

Ni dai a ganina kulle mage a keji zalunci ne. Mage 'yar yawo ce. Kuma ga filin, me zai hana ki shimfiɗa ciyawar roba? Ba taɓo, ba kaska, ba ban-ruwa, ga kyau a hoto.

Maman Mage Uku:

Ɗan Birni, ba kulle ta na ce a yi ba, gidan duka nata ne, kejin ƙari ne. Magen da na bari tana yawo da sunan 'yanci shekararta biyu mota ta take ta. Waɗannan ukun babbarsu ta shekara 11.

Mai Horar da Karnuka:

Ciyawar roba a hoto kam ba ta da na biyu. Amma ka taɓa taka ta ba takalmi da tsakar rana? Ta fi ciyawar gaske zafi nesa ba kusa ba, wani lokaci har ta fi siminti. Fitsari kuma yana zama a ƙarƙashinta, in ba kullum ake wanke ta ba, zarnin zai kori Mama daga kujerarta. Ki bar ƙasarki, ki dasa kiri-kiri, tana jure tattaki kuma tana rufe inda ta mutu da kanta. Inda ya yi fitsari ki bi da bokitin ruwa don kada ya ƙona ta. Ki cire ƙarangiya da tsidau, su ne ke maƙalewa tsakanin yatsun kare.

Tunda an zo zancen zafi. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake rage zafin jiki. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai ake magana. Kafin ki bar shi a kan simintin nan, ki ɗora bayan hannunki a kai ki ƙirga bakwai. In kin kasa, shi ma ƙafarsa ba za ta iya ba. Inuwa kuma tafiya take yi. Ki duba filin da ƙarfe tara, da ƙarfe ɗaya, da ƙarfe huɗu, ki ga ko akwai lokacin da babu inuwa ko'ina. In akwai, a kafa rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Ƙaramin ɗakin kare na kwano tanda ce, ba inuwa ba. Kwanon ruwa biyu, masu nauyin da ba zai kifar ba. Ranar da kika ga yana haki ba tsayawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, ki kai shi inuwa ki kwarara masa ruwa mai sanyi, ki sa masa fanka, sannan ku nufi asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, zafin yake riƙewa.

Amma Hajiya, tambayar da ba wanda ya yi miki: me ya sa yake fita? Kare ɗan wata 14 saurayi ne. In ba a yi masa dandaƙa ba, ƙanshin karya daga nesa zai sa ya nemi hanya ko ta halin ƙaƙa, wannan ki yi shawara da Dakta. Na biyu kuma kaɗaici. Mutane na zaton in an saki kare a fili shi ke nan zai yi ta guje-guje shi kaɗai. Ba ya yi. Zai zagaya sau biyu, ya kwanta, ya gaji da kwanciya, ya fara neman abin yi, abin yin kuwa shi ne tono da haushi da tauna tiyo. Fili ba ya maye gurbin fita yawo da igiya. Ki ba shi rabin awa da safe, rabin awa da yamma, ki bar shi ya yi sansane-sansanensa.

A cikin filin kuma ki ware masa kusurwa ɗaya, mita ɗaya a mita ɗaya, ki zuba yashi ki binne masa abin wasa. Duk sanda ya fara tono a wani wuri ki kai shi can, in ya tono ki yaba masa. Hana kare tono wahala ce, nuna masa inda zai tona ya fi sauƙi. Wani lokaci maimakon kwano, ki watsa busasshen abincinsa cikin ciyawa ya nema da hanci. Minti goma na wannan yana gajiyar da shi fiye da yadda kike zato. Amma ban da jifa masa sanda, takan soki maƙogwaro, kuma ƙwallo ta fi ƙarfin ya haɗiye.

Anti Nas:

Ni ta ɓangaren yarinya da Mama zan yi magana.

Kashin kare a kwashe shi kullum, ba sai ƙarshen mako ba. Dalili shi ne ƙwan tsutsar cikin kare ba ya kama mutum ranar da ya fito, sai ya yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa, daga nan kuma yakan daɗe sosai bai mutu ba. Yara masu wasa da ƙasa su kai hannu baki su ne yake kamawa, wani lokaci har ido yake kaiwa. Akwai kuma wata tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa ta yi zane mai ƙaiƙayi a ƙarƙashin fata, saboda haka takalmi dole. A riƙa ba dabbobin maganin tsutsa kamar duk wata uku. In za ki yi wa 'yarki wurin wasan yashi, ya zama daban da na Duna, kuma da murfi, in ba haka ba magunan unguwa za su mayar da shi banɗaki. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin mage.

Bokiti ko baho mai ruwa kada ya kwana a filin. Yaro ɗan shekara uku a ruwan da bai kai taƙi ba yana nutsewa, kuma shiru, ba ihu. Ruwan da ya kwanta sauro yake tarawa, ɓera ma ya yi fitsari a ciki kare ya sha.

Komai kirkin Duna, kada a bar shi da yarinya su biyu, ko na minti ɗaya, musamman yana ci ko yana barci. Ba don mugu ba ne, don ita ba ta san inda wasa ke ƙarewa ba. Kuma tunda ya kwana a waje ya dawo da rauni, ki gaya wa Dakta ya duba ko cizo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, sannan asibiti a ranar.

Mama kuma abin tsoronta faɗuwa ne. Kare mai kilo 22 in ya taho da murna ya dafa ta, sai ƙasa. Ki raba filin da ɗan gajeren shinge mai ƙofa, gefen siminti na zama, gefen ƙasa na guje-guje. Kada a bar tiyo ko igiya a kan hanyarta, a sa fitila, kuma simintin in ya yi gansakuka a kankare.

Mai tambaya:

Jama'a, an kama ɓarawo! Baba, Allah ya ƙara girma. Da safe sawun ya kai ni bayan oliyandar nan, da muka sare ta sai ga magudanar ruwa a gindin katanga, bulo ɗaya ya zube ramin ya faɗaɗa. Akwai guntun rodi da ya leƙo a gefe, har da gashinsa a jiki, ashe shi ne ya yanke shi a cinya. Da mun ƙara bulo ukun nan, da mun kashe kuɗi yana ficewa ta ƙasa abinsa. Maigidan ya tsaya yana kallon ramin ya kasa cewa komai, ni ma ban ce komai ba, na dai yi murmushi.

Na yi rarrafen ma. Na tsinci ƙusoshi huɗu, fasasshen gilashi, wayar wuta da ta fito daga bango a tsayin gwiwa, da wata leda mai shinkafar ɓera a bayan tanki.

Baba Ɗan Fansho:

Madalla 'yata. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Murmushin ma ya isa, kada ki ƙara da magana.

Dakta, likitan dabbobi:

To alhamdulillahi, rodi ne ba cizo ba. Amma ledar nan a rufe kika same ta ko a yage? Yawancin shinkafar ɓera jini take hana daskarewa, kuma ba ta nuna alama sai bayan kwana uku zuwa biyar, dabba na wasanta lafiya jini na zuba a ciki. Akwai makarinta, bitamin K1, in an zo da wuri. In a yage take, ki kawo su duka biyun yau tare da ledar. Ɓerayen kuma ki koma tarko a inda dabba da yaro ba sa kai wa. In ana ajiye mota kusa, ki lura da ruwan lagireto mai launi da ke ɗiga, yana da ɗan zaƙi, kaɗan ya isa ya kashe ƙodar mage.

Na manta ban faɗa ba: kaskar kare ba a ciyawa kaɗai take zama ba. Macen in ta ƙoshi sai ta sauka ta hau bango ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Shi ya sa za ki yi ta wanke kare tana dawowa. Tunda birkila zai zo, ya bi duk tsagar katangar da ta ɗakin karen ya liƙe. Wajen cire ta kuma a kama dab da fata da hantsaki a ja a miƙe, ban da kananzir, ban da ashana.

Ɗan Birni:

To na janye ciyawar roba. Amma Hajiya ki sa ƙofa biyu a get ɗin, irin na filayen karnuka na jama'a, a shiga ta farko a rufe sannan a buɗe ta biyu. Tun filin da ake yawan cewa shi ne na farko a Amurka, wanda aka buɗe a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1979, irin waɗannan wurare suka yaɗu, kuma yau da wuya ki ga mai kyau da ba shi da ƙofa biyu. Sau da yawa ba katanga kare ke tsallakewa ba, mai kwashe shara ne ya bar get a buɗe.

Mai tambaya:

Dakta, a ƙulle take, ba ko huda, na riga na fitar da ita daga gidan. Na kira ƙanena ya ce zai bar kwikwiyon wurin uwarsa har ya cika sati takwas a yi masa allurar farko, in ya zo kuma a falo zai zauna. Kafinta zai zo gobe ya auna tagar mage, mai gida ya yarda da raga amma ban da ƙarin bulo. Ɗan Birni, ƙofa biyun sai wata mai zuwa, aljihu ya yi kuka.

Malam Birkila, tambaya ɗaya ta rage. Magudanar nan in muka toshe ta ruwa zai kwanta a filin. Ya za a yi?

Malam Birkila:

Kada a toshe. A yanke rodin da ya leƙo, a mayar da bulon, a bar bakin yadda yake tun asali. Sai mai walda ya yi ƙaramar ƙofa ta ƙarfe, tsakanin sanda da sanda santimita uku saboda kwikwiyo, a kafa ta ta ciki da fata da sakata, don ki riƙa buɗewa kina kwashe ganyen da ya taru bayan ruwa. Siminti sai ya kwana biyu kafin ya yi ƙarfin da Duna ba zai karce shi ba, kafin nan ki jingina wani abu mai nauyi a wurin, kuma ya fita fitsari da igiya.